Zoɓon Walimar Wurno

A shekarar da na gama hidimar ƙasa na dawo Birnin Kudu ban sami aiki ba, kusan kullum a teburin mai shayi na bakin tasha nake cinye hantsina. Kimiyyar abinci na karanta a jami'a, don haka duk gardamar da ta taɓa abin ci ko abin sha, ni ake juyowa a kalla. Ban taɓa jin daɗin hakan ba. Abin da na sani kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin ma ba a bari in kai ƙarshensa.

Wata safiya rediyon mai shayi ta kawo labarin wata ƙasa mai nisa da ake ta muhawara a kan ko doka ta bari a riƙa sa wiwi a cikin alewa da biskit da lemon kwalba. Wani ɗan acaba da ke jigilar fasinja zuwa Gwaram ya buga benci.

"Wallahi su ne masu hankali! Wanda zai sha, ko da doka ko ba doka zai sha. A bar mu mu noma ta a madadin riɗi, gwamnati ta karɓi harajinta, kowa ya huta."

"Kai dai ka huta, tunda dama a buge kake tuƙi," in ji mai shayi.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa ya ce abin maye abin maye ne, ko a kwalba aka zuba shi ko a takarda aka naɗe shi, kuma ba majalisar da za ta halatta abin da Allah ya haramta. Sannan ya juyo gare ni. "Malam, kai ka karanta. Me ka ce?"

Na ce, a iya fahimtata, akwai wuraren da likitoci ke amfani da wani sinadari na ganyen, amma wannan daban ne da a saka shi a abin da yaro zai iya ɗauka. Na ce hayaƙi yana da wari, mutum zai ji ya kauce, shi kuwa abinci ɓoye abu yake yi. Na ƙara da cewa wanda ya ci ba ya jin komai nan take, sai an jima ta kama shi, shi ya sa yake ƙarawa. Ban kai ga cewa ni dai ban goyi baya ba, ɗan acaba ya katse ni.

"Kun ji ko? Likitoci ma suna sha! To bikin abokina na Wurno ranar Asabar, a zoɓon walima za mu fara gwajin dokar."

Aka yi dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin zoɓon walimar nan yayata ce za ta yi shi.

Yaya ta daɗe tana ƙulla zoɓo a leda tana kai wa kasuwar Gwaram, amma wannan ne karon farko da aka ba ta aikin biki guda. Ta riga ta sayi zoɓorodo da citta da kanumfari da buhun sukari, ta kama ƙanƙara a wajen mai firiza. Kafin la'asar maganar teburin shayi ta isa kunnen Alhaji, uban ango. A yankinmu ba a ɗaukar irin wannan da wasa, don kusan kowa ya taɓa jin labarin bikin da samari suka jefa zaƙami a randar zoɓo. Alhaji ya aiko cewa a bar zoɓon, zai sayi lemon kwalba.

Yaya ta ɗaura mayafi ta tasa ni gaba har Wurno. Muka sami Alhaji a zaure, muka durƙusa muka gaishe shi.

"Alhaji, ga ƙanena," in ji ta. "Abin da ya karanta ke nan. Shi zai tsaya a kai."

Alhaji ya dube ni. "Malam, za ka iya gane zoɓon da aka taɓa?"

Na ce gaskiya da ido ko da hanci ba lalle ba ne, musamman da citta da kanumfari a ciki, sai dai a ɗakin gwaji, shi ma ya danganta da irin na'urar. Yaya ta mintsine ni a gwiwar hannu.

"Ni ban san na'ura ba," in ji Alhaji. "A nan, wanda ya tsaya wa abu shi ke fara kai shi baki. Ka sha moɗa guda daga kowace roba a gabana. In ka ce a raba, a raba. In wani abu ya sami baƙona, kai na sani."

Na amsa da to, don ban ga wata hanya ba.

Ran Asabar na zauna a gindin darbejiya tare da manyan robobi a jere, kowace an ɗaure bakinta da tsumma. Tun daga gida ban ɗauke ido daga kansu ba, sai lokacin da aka sauke su daga mota na shiga gaida mutanen gida. Wannan ɗan tsakanin shi ya tsaya mini a rai. Ɗan acaba kuwa yana ta kai da kawo da baƙi, duk wucewa sai ya ɗaga mini hannu. "Sannu da gadi, shugaban hukumar zoɓo!"

Da aka fara fito da shinkafa, Alhaji ya zo da moɗa. Na sha daga ta farko, na sha daga ta biyu, har ta ƙarshe. Ya ce, "To, a raba?"

Na ce a ɗan dakata. Na yi masa bayanin cewa abin da aka ci ko aka sha ba ya nuna kansa nan da nan. Ya ce har yaushe? Na ce ya danganta da mutum. Ya yi tsaki a hankali ya koma wajen baƙinsa.

Daga nan na zauna ina sauraron jikina. Zuciyata tana bugawa da sauri, amma dama haka take yi mini a gaban manya. Kaina ya ɗan yi nauyi, amma ga rana, ga sukarin da na ɗura ba tare da na karya ba. Na kalli tafin hannuna, na ga kamar ya fi kullum faɗi. Aka kira azahar, na bi jam'i a sahun ƙarshe inda zan iya hango robobin in an sallame, sai na kasa tuna ko raka'a ta uku muke ko ta huɗu. Na ce a raina shi ke nan, ta kama ni. Sai kuma na tuna ko jiya haka ta faru da ni.

Na dawo na tarar mutane sun ci shinkafa mai yaji suna ta waige-waige. Wani tsoho ya ce, "Wai zoɓon na ado ne?" Yaya ta leƙo daga ƙofar gida, ta zo ta ɗaga tsumman roba ɗaya. Ƙanƙarar ta narke saura 'yan gutsattsari.

"Kana jin wani abu?" ta tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Ba zan ce ina ji ba. Ba kuma zan ce ba na ji ba."

"Mene ne sunana?"

Na faɗa mata.

"To lafiyarka ƙalau. Don Allah ka buɗe baki, kafin Alhaji ya aika kanti."

Na hango shi kuwa ya kira wani yana laluben aljihu. Na miƙe, ƙafafuna suka ɗauke ni daidai, na je gabansa na ce, "Alhaji, a raba." Ban ƙara komai a kai ba, duk da akwai abin da na so in ƙara.

Aka raba zoɓon da ɗan sauran sanyinsa. Kafin la'asar robobin sun ƙare, har wata Hajiya daga Gwaram ta aiko a tambayi Yaya ko za ta yi mata na suna. Yaya ta shiga cikin gida tana wanke robobi tana hira. Ni kuwa na kasa barin wurin. Na zauna a gefen tabarma ina bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya yi dariya da ƙarfi sai in matsa kusa in ji ko akwai abin dariyar, har baƙon ƙarshe ya sa takalminsa ya hau babur.