Lita Ashirin da Ɗaya a Kan Allo

Akwai wata Juma'a da har yau na kasa mantawa da ita, ranar da na tashi 'yan aji biyar na bar lissafi a kan allo ban goge ba. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aikin koyarwa kwanan nan, ba don na tabbata na gane duk abin da ya faru ba. Wataƙila wani ya ji ya ce laifina bai kai yadda nake ɗauka ba. Ni dai ga abin da na sani.

Lokacin ina shekarata ta biyu da kama aiki. Na gama digiri a fannin koyarwa, aka ɗauke ni a matakin albashi na takwas, aka tura ni wata firamare ta ƙauye a ƙasar Safana, kan hanyar Tsaskiya. Ni ɗan cikin birnin Katsina ne, ban taɓa zama da masu kiwo ba. Kullum da safe nakan hau babur daga Safana in hanya da lafiya. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɓarayin daji sun gitta kuwa, sai hedimasta ya bugo waya ya ce kowa ya zauna gida.

Hedimastan namu, Malam Lawal, ya kusa ritaya. Babu abin da yake alfahari da shi kamar yara goma sha ɗaya da ke zuwa daga rugar Ardo Buba, can bayan gari. Shekara uku ya yi yana zarya kafin iyayensu su yarda. Huɗu daga cikinsu a ajina suke, har da Dije, 'yar Ardon. Yarinya ce mai shiru, amma kafin in gama rubuta tambaya a allo ta riga ta lissafa a ka. Burin Malam Lawal shi ne baɗi ta zauna jarrabawar shiga sakandare, ta zama ta farko daga rugar.

Ga wanda bai san tsarin ba, kowane malami yana rubuta shirin darasinsa na mako a littafi, ya kai wa hedimasta ranar Litinin, ya duba ya sa hannu kafin a koyar. A makon da nake magana an kira hedimastoci Safana saboda tantance ma'aikata, Malam Lawal bai leƙo makaranta ba har mako ya ƙare. Mataimakinsa ne ya sa mini hannu, ina jin bai karanta ba. Ban faɗi haka don in ɗora masa ba. Ko ya karanta, ban san ko zai hango ba.

Darasin makon awon abin da ke zuba ne, lita da ƙananan ma'aunanta. Tambayoyin littafin duk na mutanen birni ne: tanki a saman bene yana cin lita kaza, famfo yana zuba lita kaza a minti ɗaya, minti nawa zai cika? Yara suka zuba mini ido. Wani ya ɗaga hannu ya tambaye ni wa ya hau da ruwan har saman bene, aji ya kwashe da dariya. Sai na tuna abin da aka yi ta nanata mana a jami'a, cewa a fara daga abin da yaro ya sani.

Washegari na zo da buhu cike da gorunan ruwan roba, irin masu cin santilita saba'in da biyar, na raba wa kowa ɗaya. Muka auna bokiti, muka auna jarka da buta a bakin rijiyar makaranta. Ban taɓa ganin ajin ya yi armashi haka ba. Da daɗi ya ɗebe ni, sai na ba su aikin gida. 'Yan gari na ce su auno ruwan randa ko man gyaɗan da ake matsa a gidansu. 'Yan ruga kuwa na rubuta musu tasu daban: shanu nawa ake tatsa a gidanku, kowace saniya lita nawa take bayarwa, lita nawa ke nan a rana, nawa a mako?

Ranar Alhamis uku daga cikinsu suka miƙo littafi babu ko ɗigon biro. Na tambaye su dalili, suka sunkuyar da kai. Na ɗauka lalaci ne, har na yi musu faɗa. Dije kaɗai ta yi. Ashe da sassafe, lokacin da take taya innarta tatsa, ta riƙa aunawa da gorar ba ta gaya wa kowa ba. Ta gano da kanta cewa gora biyu lita ɗaya da rabi ce. Saniya goma sha huɗu, kowace gora biyu, lita ashirin da ɗaya a rana, ɗari da arba'in da bakwai a mako. A ƙasa ta ƙara da ƙaramin rubutu: ban da wanda maruƙa suka sha.

Ban iya ɓoye murnata ba. Ranar Juma'a na kwafe aikin nata kaf a allo, na sa masa kai da manyan baƙaƙe: SHANUN SU DIJE. Na sa aji ya tafa mata. Ba ta yi murmushi ba, sai ta juya tana kallon 'yan'uwanta uku. Na ɗauka kunya ce. Aka buga ƙararrawa da wuri saboda masallaci, na hau babur na tafi.

Ajin nan ba shi da ƙofa, tagoginsa babu marfi. Asabar kuma kasuwar garin ke ci, kuma a inuwar ajin ne masu babura da baƙin kasuwa ke fakewa, wasu har su shiga ciki su kishingiɗa a kan benci. Na san da haka. Ban dai haɗa shi da allon ba.

Ranar Litinin babu ko ɗaya cikin yara goma sha ɗayan. Malam Lawal ya dawo, yana zagayen azuzuwa ya shigo nawa, ya tsaya yana karanta allo.

"Malam Nasiru, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe yake nan?"

"Tun Juma'a."

Bai nemi abin gogewa ba. Da hannun babbar rigarsa ya share allon, ya ce in same shi ofis.

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce mai kiwo ba ya faɗin yawan shanunsa, ko ɗan'uwansa na jini ba ya tambayarsa. A da saboda tsoron baki ne. Yanzu kuwa ɓarayin daji suna da masu kai musu rahoto a kasuwanni, abin da suke nema ke nan su ji, garken wa ya kai a sha wahalar zuwa. Na ce ai ba yawan garken na tambaya ba, na tatsa kawai. Ya dube ni ya ce, "Gidan da ake tatsar saniya sha huɗu, garkensa ya haura hamsin. Wannan lissafin ba sai an shiga aji ake iya shi ba."

Ranar Laraba bayan an tashi muka tafi rugar mu biyu. Ardo Buba ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata bishiya, aka kawo fura. An daɗe ana gaisawa, ya gida, ya yara, ya damina, ya hanya. Babu wanda ya tambayi shanu. Malam Lawal ya ba da haƙuri, ya ce ni baƙo ne kuma yaro, neman ilimin yara ne ya kai ni. Ardo ya saurara har ya gama.

"Malam, na yarda ba da mugun nufi ka yi ba," in ji shi. "Da na zaci haka, da ba a kawo maka fura ba. Amma ranar Asabar wani mutum da ban taɓa gani ba ya gaishe ni a kasuwa, ya ce, 'Ardo, ashe madara ta yi albarka bana.' Ya yi dariya ya wuce."

Na ce zan tara yara da iyaye in faɗa a fili cewa lambobin ƙirƙira ce tawa, ba gaskiya ba ne.

"Wa zai yarda? Kowa ya san 'yata ba ta kuskuren lissafi. Kai ka sa aka tafa mata."

Malam Lawal ya gane shirin ƙaura suke yi, ya roƙe shi, ko da za su tashi, a bar yaran su ƙarasa zango, Dije kuma ta zauna a gidan shi Malam Lawal, wurin maiɗakinsa, har ta yi jarrabawa. Ardo ya ce sun gode, za su yi shawara. Da za mu tafi, Dije ta fito daga bukka ta durƙusa ta ajiye gorar a gabana, an wanke ta tas. Ta ce, "Malam, ga abinka." Na ɗauki gorar. A hanya na tambayi Malam Lawal ko akwai sauran fata, tunda an ce za a yi shawara. Ya ce shekara talatin yana jin wannan kalmar, bai taɓa ganin ta haifi eh ba.

Ba a yi kwana goma ba rugar ta tashi, gero bai ma nuna ba. Gonarsu wani ɗan gari suka bar wa ya girbe. Wasu sun ce wajen dangi suka nufa ta gefen Batsari, wasu sun ce kudu suka yi. Ban tabbatar da ko ɗaya ba. Wasu rugage ma sun tashi a wannan shekarar, kuma Malam Lawal ya sha gaya mini cewa da allo da babu allo, ƙila da sun tafi. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuma lallashi na yake yi.

A ƙa'ida, yaron da ya yi zango guda bai zo ba, ana jan layi da jan biro a kan sunansa a rajista. Ni na ja huɗu, sauran malamai suka ja bakwai. A rahoton da aka aika ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, Malam Lawal ya rubuta dalili kalma ɗaya, ƙaura. Bai ambaci sunana ba. Ya yi ritaya bai ga ɗan ruga ko ɗaya ya zauna jarrabawar ba.

Abin da nake jin na koya, in har na koyi wani abu, shi ne tambayar da malami ya ba yaro ba a aji take tsayawa ba, gida take bin shi. Yaran nan uku da na yi wa faɗa sun fi ni sanin inda muke zaune. Wadda ta yarda da ni, ta yi aikin da gaskiya, ita ce ta rasa makaranta. Ban ce kada ku koyar da abin da yaro ya sani ba, har yanzu ina ganin hanyar daidai ce. Amma kafin ku aika tambaya gidan mutane, ku nemi dattijo ku karanta masa ita, ko an sa muku hannu ko ba a sa ba.

Ni dai tun daga lokacin ba na fita aji sai allo ya koma baƙi. Da makon lita ya zagayo kuma, tankin littafi nake komawa, wanda ke saman bene. Yara ba sa gane shi sosai, na sani. Amma babu wanda zai zo da bindiga ya kore shi.