Yahuza Ba Ya Dukan Wanda Ya Faɗi

Ni Cindo, ni na riƙe wa Yahuza kalangu tun yana saurayi, don haka babu mai ba ni labarinsa. Ɗan mahauta ne a Gagarawa, ɗan dambe jikan ɗan dambe. Daga Maigatari har Sule Tankarkar, in kaka ta yi aka buɗe fage ya ɗaura zare a hagunsa, sai ka ga maza suna neman uzuri. Amma bai taɓa ƙara wa mutum ko ɗan yatsa ba bayan ya kai ƙasa. A dambe gwiwa na taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Shi ne ma zai miƙa hannu ya tashe ka.

Da ƙarfi ya ja baya ya koma teburin nama, burinsa ɗaya ne, ya ɗaura wa ɗansa Yazid zaren nan da ya gada. Yazid kuwa ga ƙirji kamar ƙofar zaure, amma duk ƙarfin ya tare a yatsu. Kullum yana gidan gem a Gumel, yana buga wani wasan talabijin na faɗan cikin keji da ake haɗa naushi da shuri da kokawa.

"Baba, zamanin dambe ya wuce," in ji shi. "In ka cinye ni a gem zan ɗaura zaren. In na cinye ka, a bar maganar har abada."

Na ce wa Yahuza tarko ne. Ya ce faɗa ai faɗa ne.

Wallahi na ji kunya. Dattijo da furfurarsa ya tashi daga kasuwa ya hau motar Gumel, ya zauna a benci yana koyon danne-danne, samari na ƙunshe dariya. Amma fa ya iya. Shi gem ɗin nan naushi yake so, shi kuwa ya san lokacin da mutum ke sakin haɓa. Kafin a gama girbi babu mai tsaya masa.

Ana dab da karawar, Manu mai gidan gem ya sa sabon fitowar wasan. Ba zan yi ƙarya ba, sun gyara shi. Ga zufa na tsatsafowa, ga ido na kumbura, wanda ya cika kai duka sai ya fara haki hannunsa ya yi nauyi. Yahuza har tafi ya yi, ya ce waɗanda suka ƙera wannan sun taɓa shan naushi. Abin da suka fi gyarawa shi ne faɗan ƙasa, yanzu mutum daga kwance yana iya kamo ƙafarka. Manu ya gaya wa Yahuza. Ya gyaɗa kai kawai.

Ranar karawa bayan la'asar ɗakin ya cika, na zo da kalanguna. A turmin farko Yahuza ya auna, ya sakar wa mutumin Yazid na cikin talabijin hagu a muƙamuƙi, sai ga shi rigijib a ƙasa.

"Bi shi, Baba Yahuza! Hau shi!" samari suka ɗauki ihu.

Ina! Yahuza ya ajiye abin dannawar a cinya, ya ɗaga hannu sama, ya juyo yana jiran kiɗa, na kuwa buga masa. Yazid ko kallonmu bai yi ba. Daga kwance ya jawo ƙafar mutumin ubansa, ya haye shi, ya shaƙe masa wuya har alƙalin wasa ya raba.

"Ai na kashe shi," Yahuza ya ce wa Manu. "Ya taɓa ƙasa."

"Nan ba fage ba ne, Baba," in ji Yazid. "Kai ka tsaya."

Yahuza ya sa takalmi ya fita. Ya cika alkawari, bai ƙara ambaton dambe ba. Ni kam har gobe ina jin haushin yaron nan, kuma ban ɓoye masa ba.

Makon jiya na je gidan Yahuza. Matarsa Talatu ta ɗaure akuya a turke, kuma tun daga bakin zaure na gane zaren. Na buɗe baki zan yi magana, Yahuza ya riga ni.

"Ƙyale shi, Cindo. Ko ba komai ya samu wanda aka ɗaura wa."