Littafin Manhajar Rigakafin Shanu

Abin da ya fara ɗaukar idona ran da malamin ya shigo shagonmu shi ne hannunsa. Ya riƙe wani ɗan faifai baƙi da yatsu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, ga garin alli a bakin hannun rigarsa. Lokacin Gusau ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ni kuma ina buga wa mutane takardu a kwamfuta a wani shago kusa da tashar mota. In babu aiki sai in jawo littafin soyayya daga ƙarƙashin tebur, don haka kafin ya gama sallama na riga na tsara mana labari har babi na uku.

Malamin lissafi ne a makarantar sakandare. A faifan akwai wata manhaja da wani abokinsa ya ba shi a Zariya, wadda masu ita suka ce kowa na iya kwafa, ya buɗe cikinta, ya gyara, ya ba wani. Shi ya gyara ta don wata ƙungiyar manoma da makiyaya mai rassa a Tsafe da Bungudu. Ana shigar da shanun kowane gida, ita kuma ta fitar da jerin waɗanda lokacin allurar rigakafinsu ya yi. Matsalar ita ce ya samu gurbin ƙarin karatu, zai tafi da kaka, kuma duk duniya shi kaɗai ya san yadda ake sarrafa ta. In ya tafi haka, faifan ya zama abin ado. Ya ce yana son in zauna kusa da shi in rubuta bayaninta da Hausa: kowane gurbi me ake zubawa a ciki, me yake fitarwa, me manhajar ke faɗi idan ta ƙi karɓa.

Sati biyu muka yi, kullum bayan la'asar. Ya danna, in rubuta. Shafina na farko ya soma da cewa allon zai bayyana gare ka kamar wata daren goma sha huɗu. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya tambaye ni ko watan ne zai faɗa wa mutum maɓallin da zai danna. Na soke, raina bai so ba. A cikin kwanakin nan na ji cewa yana da mata da 'ya'ya biyu a Wonaka, na kwana biyu ina jimami irin na littafi, sannan na ga aikin ya fi labarin da na tsara daɗi.

Da muka gama sai ya ce mu je Tsafe mu gwada. Sakataren reshen wani dattijo ne mutumin 'Yankuzo da muke kira Baba, tsohon malamin gona, wanda bai taɓa danna kwamfuta da hannunsa ba. Sharaɗin malam shi ne mu zauna a benci mu ja bakinmu, Baba ya yi aiki da littafin kawai. Aka tayar da janareta. Baba ya sa yatsa a kan layi yana bi kamar mai karatun allo, ya shigar da garken wani Bafulatani, saniya bayan saniya, har ya kai ƙarshe. Ya danna maɓallin jeri. Manhajar ta ce babu ko ɗaya da ta isa allura.

Baba ya juyo ya dube ni.

"Ɗiyata, wagga na'ura ta ce bajimin da ya gagari mutum uku bai bar nono ba. Ke da ita wa ya san shanu?"

"Baba, abin da malam ya danna na rubuta."

"To, malam ya danna, ke kin rubuta, ni na ɗauki laifi."

Malam ya leƙa allon, ya dafe kai. Makiyayi da damina yake ƙirga shekarun saniya, ya ce wannan damina uku, waccan biyar. Manhajar kuwa da watanni take ƙirgawa. Duk sanda aka ce wa malam damina uku, sai ya ninka a kansa ya buga talatin da shida, ya saba har bai san yana yi ba. Ni kuma bakinsa nake bi, ban taɓa duban lambar da ke shiga ba. Baba ya buga uku, manhajar ta ɗauka ɗan maraƙi ne mai wata uku.

Muka koma Gusau ni da malam. Washegari ya buɗe cikin manhajar ya sa ta karɓi damina kai tsaye, muka sake bin littafin daga farko. Wannan karon a kowane gurbi sai na tsayar da shi na tambaye shi me ya yi a kansa kafin ya danna. Muka tono irin wannan har guda huɗu. Na sa wa kowane gurbi misali da saniya ta gaske.

A Bungudu wata Hajiya ce ta gwada. Ta gama ba ta tambaye mu komai ba, sai dai ta ɗauki biro ta gyara mini sunayen launin shanu biyu, ta ce a birni na koyi shanu. Na mayar da gyaranta cikin littafin, na bar shafuka uku farare a baya don masu zuwa.

Malam ya tafi da kaka, manhajar ta ci gaba da aiki a rassan biyu. Baba ne ya fi kowa riƙe ta. Har kwamfutar Tsafe ta mutu shi ke fitar da jerin kowace shekara, in an kira shi Bungudu ya hau mota ya je ya warware musu. Da idonsa ya yi rauni sai ya zaunar da 'yarsa ta fari tana karanta masa allo, daga nan ta koya. Na je gaishe shi 'Yankuzo bayan na yi aure na haihu. Na same shi a inuwar rumbu yana ɓarar gyaɗa, ya gane muryata tun daga zaure, ya sa aka dama mini fura.