Ticha Saaka da Dutsen da Bai Taɓa Gani Ba

Kullum da an tashi daga makaranta, Ticha Saaka, malamin lissafi, yakan hau kekensa ya koma Gurugu, unguwarmu a nan Tamale. Sai ya share ƙofar ɗakinsa, ya kafa turaku biyu, ya rataya musu igiya, ya ja tsinke a cikinta har zane mai siffar ƙwai ya fito a ƙasa. Nan zai zauna da littattafansa har magariba, ba mai ce masa sannu.

Wani dutse yake bi, ɗaya daga cikin ayarin duwatsun da ke kewaya rana, can gefensu na waje, inda nisa daga rana ya ninka namu uku. Baturen safiyon da ya koya masa aikin ya tattara ya tafi shekarar da muka sami 'yancin kai, ya bar masa lambobin wurare uku kacal da aka taɓa hango dutsen. Masana a ƙasar waje sun ce in ba a gano hanyarsa ba, ya ɓace ke nan.

Mutanen unguwa kuwa da suka ga malami yana zane a ƙasa, sai suka ɗauka bugun ƙasa ne. Mma Azeta mai koko ta zo masa da kaza.

“Ticha, ɗana ya tafi Kumasi, shiru. Duba mini, zai dawo?”

“Mma, ni dutse nake nema.”

“Dutse? Ga shi nan ko'ina Tamale!”

Ta ɗauki kazarta ta yi gaba. Da aka gane zanen ba ya magani, sai ƙafa ta ɗauke, wasu har suka ce kansa ya taɓu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai cire turakunsa ba.

Shekara uku yana wannan fama kafin ya aika wa masanan nan wasiƙa. Ya ce dutsen na gama zagayensa a shekara biyar da rabi, faɗinsa kamar daga Tamale zuwa Savelugu, a duba wuri kaza a wata kaza. Bara amsa ta zo, an same shi daidai inda ya nuna. Ya ruga ofishin hedimasta da takardar. Hedimasta ya ce ya yi ƙoƙari, ya tambaye shi rajistar aji.

Ticha, kai ne mai kiwon abin da ba ka taɓa gani ba. Ka tsare wa duniya dutsenta, mu maƙwabtanka muna yi maka dariya. Mun gode, kuma mun ji kunya.

Bana ya ajiye aiki, idonsa ya soma hazo. Malaman lissafin garin nan, ku je Gurugu ku koya tun yana iya nuna muku da yatsa. Dutsen zai sake zagayowa ko da mu ko ba mu. Abin da ke hana Ticha Saaka sukuni shi ne ya zo ya wuce, duk faɗin Tamale ba wanda ya san ya zo.