Tabon da Ke Goshin Baba Tsoho

Lokacin nan muna cikin jihar Sakkwato, muna zaune Argungu gida ɗaya da kakanninmu. In an ci tuwon shinkafa, rana ta faɗi, sai mu kewaye murhun da Kaka Ladi ke ƙyafe kifi. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi. Mijinta, Baba Tsoho, yana gefe yana tukar igiya, hularsa har bisa gira. Shi ba mai magana ba ne.

"Ku matso ku jiya," in ji Kaka Ladi. "Wani ɗan dambe na, ƙato, wuya awa turmi. In ya naushi mutum sai a tsinci haƙora ƙasa."

Wata rana wani masunci ɗan siriri, Manu, ya fantsa wa ƙaton ruwa garin ɗaure jirgi. Ƙaton ya damƙe shi, ya yi ta duka har haƙarƙari biyu suka karye, jini na fita ta hanci ta baki. Ba wanda ya iya rabawa.

Da damina gulbi ya cika. Aka ce wa ƙaton kada ya ƙetare zuwa gonarsa da iyo, ya ce shi ruwa bai isa ba. Yana kai tsakiya ruwan ya murɗe shi. Ba jirgin da ke kusa sai na Manu. Manu ya faɗa ya kamo shi, ƙaton ya shaƙe masa wuya ya danna shi ƙasa, suka nutse tare. Da ƙyar Manu ya gantsara masa cizo ya kuɓuce, ya hau jirgi, ya ɗaga filafilin tuƙi ya rafka masa a goshi. Goshin ya tsage, ruwan ya yi ja, ƙaton ya sume. Sannan Manu ya jawo shi tudu.

"Kaka, ramuwa ya yi!" na ce.

"Rufe min baki, uwar surutu. Da ramuwa yaka so, ai sai shi naɗe hannu shi yi kallo. In bai sumar da shi ba, dukansu za su mutuwa."

"To, da ya farka fa?"

"Yac ce, 'Mi ni taɓa yi maka da ka cece ni?' Manu yac ce, 'Haƙarƙari biyu. Tashi ka tai gida.'" Sai ta waiga. "Ko ba haka anka yi ba, Malam?"

Baba Tsoho ya tura hularsa baya. Tabo ne daga gira har cikin gashi. Ya mayar da hular, ya ci gaba da tukarsa.

Na girma, na yi aure a unguwar Badariya, na zama ta gaba a zumuntar mata ta majami'armu. Ga azumi, ga ziyara, har ina jin ni na cancanci ceto fiye da wasu. Sai ciwo ya kwantar da ni bayan haihuwar autana, ko addu'a ba na iya haɗawa. A kan tabarmar jinyar nan na tuna gulbin. Ban kai wa Yesu komai ba sai irin abin da Baba Tsoho ya kai wa Manu, ya kuwa jawo ni.

Har Baba Tsoho ya rasu, in an yabe shi da haƙuri, goshinsa kawai yake shafawa.