Murabus ɗin Mai Taka Birki

Ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa na sauka daga muƙamin mai taka birki, wanda na riƙe shekara da shekaru ba albashi, ba hutu, ba ƙarin girma. Wanda ya naɗa ni, mijin yayata, Allah ya yi masa rasuwa ranar Talatar makon jiya da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Injiniya, mu muka laƙaba maka wannan suna don tsokana, kai kuwa ka karɓe shi hannu biyu. Ma'aikacin gidan waya ne kai har ka yi ritaya, ba ka taɓa zama ajin lantarki ba. Amma duk Asabar sai ka buɗe but ɗin tsohuwar motarka, ka shimfiɗa tabarma a bayanta, ka baje filaya da salatif da wayoyi kala-kala. Wasu tsofaffin suna kiwon tattabaru, kai fitilun baya kake kiwo. Ka cire na kamfani ka sa dogaye, ka cire dogaye ka sa masu zagaye, ka ƙara wata a saman gilashi.

Aikin yana da sharaɗi guda: mutum ɗaya ba ya gwada fitilar birki. Dole wani ya zauna a ciki ya taka, wani ya tsaya a baya ya duba. Sai ka aiko a kira ni.

"Shehin Malami, ajiye littafin nan ka zo ka yi wa duniya amfani. Taka. Saki. Na ce saki, ko ƙafar ma sai an yi mata sharhi?"

Ni kuma daga ciki ina mayar maka da martani, cewa ban taɓa ganin mai ɓata Asabar ɗinsa a kan fitilar da shi kansa ba zai taɓa gani ba. Na kira su kwalliyar ƙeya. Ba ka taɓa jin haushi ba, sai dai ka ce, "Taka dai."

Ba zan ɓoye tarihinka ba don ka rasu. Akwai lokacin da ka sarƙe wayoyin sigina, in ka nuna hagu sai dama ta kama. Ka yi mako kana yawo a gari, kana mamakin yadda tarbiyyar direbobi ta lalace. Yaya ce ta gano, ranar da ta biyo ka a tasi ta ji abin da direban yake faɗa a kan mahaifin mai motar gaba.

Amma aljihun motarka bai taɓa rabuwa da ƙwan fitila da fis ba. In ka ga mota da fitila ɗaya a mace, sai ka bi ta har ta tsaya, ka yi sallama, ka durƙusa a bayanta. A zaman makoki wani direban motar burodi ya zo, ba wanda ya san shi. Ya ce ka taɓa tare shi a hanya, ya fito da shirin faɗa, ya koma da fitila mai ci.

Ciwon ya same ka a tsakiyar aiki. Ka cire tsofaffin fitilun, sababbin suna cikin kwali, wayoyi sun zubo daga but kamar saiwar bishiya. Da aka zauna maganar motar, ni na fi kowa ɗaga murya: a sayar. Na ce ba mai gane wannan saƙar sai wanda ya yi ta, kuma mota ba fitilar baya ba ta hawa titi. Yaya ta dai kalli tabarmarka da ke jingine a bango. Babbar 'yarka, malamar asibiti, wadda ban taɓa ganin ta riƙe filaya ba, ita ta ce, "Kawu, a ba ni zuwa Asabar. In ta ƙi, ku kira dillali."

Ranar Asabar da yamma ta aiko a kira ni. Na nufi kujerar direba bisa sabo, sai ta ce, "A'a Kawu, ni zan riƙa tuƙa ta, ni zan taka. Kai koma baya ka gaya mini."

Ta nuna hagu. Dama ta kama.

Na buɗe baki ke nan sai na ji dariya daga bakin ƙofa. Yaya ce, ta dafa bango tana dariya tana share hawaye, karo na farko tun ranar Talata. "'Yar ubanta," in ji ta. Yarinyar ta fito tana ƙunƙuni irin naka, ta musanya wayoyin biyu, ta naɗe su da salatif, ta koma ciki. Hagu ta zama hagu. Sannan ta taka birki. Ba a sake maganar dillali ba.

Allah ya jiƙanka, Injiniya, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka kamar yadda ka haskaka wa na bayanka hanya. Allah ya ba Yaya da 'ya'yanka da jikokinka haƙuri, ya albarkaci abin da ka bari. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Saura gyara guda. Duk shekarun nan a ciki nake zaune, ban taɓa zagayowa na ga abin da nake kushewa ba sai ranar. Hasken birkin ja ne mai kyau, ya cika bangon gidan har ya taɓa fuskar Yaya. Na yi kuskure, Injiniya. Murabus ɗin ma na janye, an dai canza mini wurin aiki.