Makon da Jikata Ta Daina Ci

Duk shekarun da na yi ina riƙe da alli a lakwal, wato makarantar boko, ban tara mutanen da tsohon abokin ajina ya tara cikin yini ɗaya a bakin kasuwar Dakoro ba. Shi ne mai zama bayana muna yara, yana kwafar dikte, wato shifta, daga littafina har da kurakuraina. Yanzu konseye ne, wato kansila, yana hangen kujerar da ta fi wannan, kuma ya samo abin faɗa: wai dunƙulen miya na kanti da taliya da duk abin da ke zuwa cikin leda guba ce da aka turo daga waje don a lalata ƙwaƙwalwar ƴaƴanmu. Ita ke kawo galhanga, in ji shi, lalurar nan da yaro ke tasowa magana na yi masa wuya, ba ya son haɗa ido da mutane. A waya ya ji wani ɗan siyasar wata ƙasa ya faɗa, ya kwafo.

Da ban kula ba, in ba don jikata na da wannan lalura ba. Shekararta biyar a lokacin, kuma abinci ɗaya ta yarda da shi a duniya: taliya da mai da rabin dunƙule. Ɗiyata, uwar yarinyar, ta dawo daga taron ta kwashe su duka ta zubar, ta koma tuwo da miyar daddawa. Daddawa ba ta da laifi, ni ma ita na fi so. Amma yarinyar ta sansana kwanon ta ture. Kwana uku ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa da ɗan farau-farau.

Na tafi gidan da shirina, kamar mai shiga aji. Na tarar kakar yarinyar ta wajen uba ta zo daga Korahane, tana dama fura a tsakar gida. Na yi musu bayanin abin da na karanta da abin da wani likita a Maradi ya gaya mini. Na ce babu binciken da ya nuna dunƙule na kawo galhanga, laifinsa da aka sani shi ne yawan gishiri. Na ce guba a abinci gaskiya ce, ga gyaɗa mai hunhuna nan tana cin hanta, amma wannan wata magana ce daban. Na ce lalurar takan soma tun yaro na ciki, akwai abin da masana ba su gano ba tukuna, amma sun tabbatar gado na da babban rabo.

Tsohuwar ta ajiye ludayi.

"Malam," ta ce, "gadon wane gida?"

A cikin littafi, gado kalma ce da ba ta da mai ita. A tsakar gidan surukai kuwa gida biyu ne kawai, kuma dole a ɗora wa ɗaya. Na san haka tun kafin in san abacada, amma karatu ya mantar da ni. Don in gyara, na ce yana iya fitowa daga kowane ɓangare. Da haka na ɓata wa gida biyu rai a jimla ɗaya.

Ɗiyata ta raka ni zaure. Ba ta ɗaga murya ba. "Baba, shi ya ce laifin kanti ne. Kai ka ce a jininmu yake."

Na koma gida ina jin abin da ban ji ba ko ranar da konseyen ya sayi motarsa ta biyu. Ba kuɗinsa nake kishi ba. Ya ba uwa abin da za ta iya zubarwa a bola ta ji ta yi wa ɗiyarta wani abu. Ni na ba ta abin da ba ya zubuwa. Shi da bai taɓa kai littafi ƙarshe ba, ya fi ni sanin abin da za a faɗa wa ɗiyar da na haifa.

Rana ta huɗu yarinyar ta daina tashi daga tabarma. Na sa hulata na tafi gidansa.

Ya tarbe ni da murna ta gaskiya, abin da ya ƙara ɓata mini rai. Ya shaida wa mutanen zaurensa cewa ga na ɗaya a ajinsu ya zo. Aka kawo abinci. Na ɗanɗana miyar, na ji dunƙule a ciki, na haɗiye, tunda roƙo ya kawo ni. Na gaya masa halin da ake ciki, na ce maganarsa kaɗai ɗiyata za ta ji.

"Haba Mushe, ai ɗiyarka ɗiyata ce," ya ce, yana kirana yadda ake kiran malaman lakwal, ya ɗauki makullin mota.

A gidan ya zauna kan tabarma ya gaya wa ɗiyata wai ba a janye guba a tashi ɗaya, sannu-sannu ake yi, ta ba yarinyar abin da ta saba. Wannan ma ba shi da tushe, a mota ya ƙirƙiro shi ina gefensa. Aka aika kanti, aka dafa. Yarinyar ta sansana, ta sa hannu, ta ci, ta cinye.

Tsohuwar ta ɗaga hannu tana yi masa addu'a, Allah ya ƙara girma, ya ba shi kujerar da yake nema. Ta juyo ta dube ni tana jira. Jikata na suɗe yatsu a bayanta.

Na ce amin.